Makarantu sun cika gari, me ya sa har yanzu yaranmu ba sa iya karatu?

Wani ƙanena ne ya turo min tambaya, ga yadda ya ce: "Malam, yanzu fa makaranta ta cika ko'ina, har ƙauyenmu akwai firamare da ƙaramar sakandare, to me ya sa har gobe ake cewa jahilci ya yi mana katutu? Kuma tsakani da Allah, wanda bai iya karatu ba me ya rasa a wannan zamanin, tunda ga saƙon murya a WhatsApp ga rediyo ga bidiyo?"

Toh ƙanena, Allah ya yi maka albarka, ka tambayi abun da ya cinye min rabin rayuwa. Na yi shekara sama da ashirin ina koyar da manya a ajin yaƙi da jahilci, maza da daddare mata da yamma bayan la'asar, daga baya kuma na koma horas da malaman firamare kan yadda ake buɗe wa yaro ido da karatu, saboda haka ka yi haƙuri amsar za ta ɗan yi tsawo.

Bari na fara da kalmar ita kanta, don ni ba na kiran kowa jahili saboda bai iya boko ba. Akwai alaramman da zai zauna ya rubuta Alƙur'ani izu sittin da ka, da tawadarsa da alƙalaminsa na gamba, babu kuskuren wasali ko ɗaya, amma ya je banki a miƙo masa fom a ce ya dangwala yatsa, a lissafin ofis ya shiga cikin waɗanda ba su iya rubutu ba. Wannan ba adalci ba ne. Mu da rubutunmu tun kafin Bature ya zo, da ajami ake wasiƙa, da shi ake rubuta bashi da waƙa da lissafin fatauci, Nana Asma'u 'yar Shehu tana tura jajinta, wato malamai mata na 'Yan Taru, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata tun cikin ƙarni na 19. Ko kuɗin Najeriya sai a 2007 aka cire ajami daga jikin ƙananan takardu, naira biyar da goma da ashirin da hamsin, kuma na san tsofaffin da wannan ajamin ne kaɗai abun da suke iya karantawa a jikin kuɗin. Amma kuma kar mu yaudari kanmu, da yawa daga cikin almajiran yau suna iya bin mus'hafi su karanta, amma ka ce su rubuta wa mahaifiyarsu layi uku na Hausa da ajami ba za su iya ba, saboda ba a koya musu wannan ɓangaren. Don haka in na ce wanda bai iya karatu ba, ina nufin mutumin da za a ba shi gajeren saƙo a rubuce, da boko ne ko da ajami, ya kasa karantawa ya gane, kuma ya kasa rubuta nasa. Shikenan.

Yanzu ga amsar tambayarka ta farko a dunƙule: a da wanda bai iya karatu ba shi ne wanda bai je makaranta ba, yanzu kuwa kaso mai yawa daga cikinsu sun je, sun sa yunifom, sun yi shekara shida suna zama a aji, wasu har da satifiket ɗinsu a cikin leda ƙarƙashin katifa. A cikin aji muke ƙera su. Wannan shi ne abun da mutane ba sa son ji.

Kowa ya san lissafin yaran da ba sa zuwa makaranta, UNICEF ta daɗe tana cewa miliyan 10.5, a 2022 UNESCO ta fitar da nata lissafin da ya haɗa har da 'yan sakandare ta ce kusan miliyan 20, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Wannan gaskiya ne kuma abun kuka ne. Amma akwai wani lissafin da ba a cika faɗa a rediyo ba. A 2022 ɗin dai Bankin Duniya ya ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi, a Afirka kudu da Sahara kuwa kusan tara cikin goma ne. Gwajin karatun Hausa da aka yi wa 'yan ƙananan azuzuwan firamare a Sakkwato da Bauchi shekarun baya, mafi yawan yaran ko kalma ɗaya ba su iya karantawa ba. Kalma ɗaya fa, da harshen da suka tsotsa a nono. Kuma waɗannan yaran da ke zuwa makaranta ne, ba waɗanda ke yawo a tasha ba.

Ta yaya haka ke faruwa? Shiga aji ɗaya na firamare ka tsaya a baya ka kalla, ni na yi haka ya fi sau ɗari. Yara ɗari da ashirin, wani wajen ɗari da hamsin, suna zaune a ƙasa, malami ɗaya, alli guda ɗaya. Malam ya rubuta jimlar Turanci a allo ya karanta da ƙarfi, yara su amsa da ƙarfi, ya sake su sake, har ginin ya ɗauka. Wanda ke wucewa ta waje zai ce masha Allah karatu ake yi. Amma ɗauki yaro ɗaya ka nuna masa kalma ta tsakiya ka ce wannan fa, sai ya koma farkon jimlar ya rero ta kamar waƙa, don haddace ta ya yi, bai san wace alama ce ke ba da wane sauti ba. Na layin gaba su biyar ko shida ne suke kamawa, galibi waɗanda akwai mai koya musu a gida, sauran kuwa baki kawai suke motsawa. Ƙarshen shekara duk a tura su aji biyu saboda ba a maimaita aji, kuma ko an so a maimaita ina za a zuba sabbin da ke tafe? A aji biyu manhaja ta ɗauka cewa yaro ya riga ya iya karatu, sai a wuce gaba, babu wanda zai sake komawa ya koya masa ba, bi, bu. Yaron da ya rasa wannan gaɓar, daga nan har aji shida kwafa kawai yake yi daga allo, zana haruffa yake kamar mai zanen fure, littafinsa cike da rubutu mai kyau amma bai san me ya rubuta ba. Wallahi na sha ganin yaro mai kyakkyawan rubutun hannu da ba ya iya karanta abun da hannunsa ya rubuta.

Sai maganar harshe, wadda ita ce ta fi ci min rai. Yaro ɗan shekara shida da bai taɓa jin Turanci a gidansu ba, ka ɗora masa kaya biyu lokaci ɗaya, koyon sabon harshe da koyon yadda ake karatu. Ko ya yi sa'a ya haɗa haruffan ya furta kalmar, ba ta nufin komai a wajensa, to ina daɗin karatun? Alhali rubutun Hausa na boko yana daga cikin masu sauƙin koyo, wasula biyar ne, yadda ka ji haka za ka rubuta, ba kamar Turanci ba da harafi ɗaya zai ba ka sauti uku ko huɗu. Yaro mai lafiya in ya samu malamin da ya san hanya, cikin shekara ɗaya zai karanta Hausa tiryan-tiryan, kuma in ya gane sirrin haɗa baƙi da wasali sau ɗaya to ya gane har abada, sai ya ɗauki wannan dabarar ya shiga Turanci da ita. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin a shekarun farko na firamare, kuma Farfesa Babs Fafunwa ya gwada abun a Ife tun daga 1970, aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, suka fito ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin kansa. Amma mu iyaye mu ne kan gaba wajen cewa mu dai a yi wa yaranmu Turanci, makarantar kuɗi ta unguwa har tarar yaro take ci in ya yi Hausa, sai a tashi ba tsuntsu ba tarko, ba Hausar ba Turancin.

Abun da ke ba ni mamaki, hanyar da masana ke ta yaɗawa yanzu a taron bita, cewa a fara da sautin harafi sannan a haɗa shi da wasali sannan a haɗa gaɓoɓi, ai ita ce hanyar makarantar allo. Babbaƙu, sannan farfaru, sannan hajjatu. Kuma malamin allo ba ya wanke wa yaro allo sai ya biya ya ji ya iya, kowa da inda yake, babu wanda ake ja a dole saboda shekara ta ƙare. Wannan hikimar tana zaure kusa da firamaren, ba mu ɗauko ta ba.

Malaman su ma sai an faɗi gaskiya a kansu, amma da tausayi, don ni ma malami ne kuma na san mutumin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, wani lokacin ma a yi wata biyu ba a biya ba, dole hankalinsa ya rabu tsakanin aji da kabu-kabu ko gona. Matsalar ta samo asali tun UPE ta 1976, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, lokacin da yaran da suka fito suka fi waɗanda aka yi lissafi yawa nesa ba kusa ba, aka shiga horas da malamai cikin gaggawa. Daga baya aka rufe kwalejojin horon malamai masu daraja ta biyu, waɗanda a ganina su ne suka fi sanin yadda ake riƙe ƙaramin yaro, aka ce sai mai NCE, shi kuma mai NCE ɗin sau da yawa wani fanni ya karanta, babu wanda ya taɓa nuna masa yadda ake koyar da karatu daga tushe. Ga kuma ɗaukar aiki ta hanyar siyasa. Ka tuna a 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarabawa ta matakin aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka sa. An yi ta gardama kan yadda aka yi jarabawar da kuma korar da ta biyo baya, amma ko ma dai yaya ne abun ya nuna akwai ciwo. Sannan wata al'ada da muke da ita, malamin da ya fi kowa rauni shi ake turawa aji ɗaya, gwanin kuma a kai shi aji shida saboda jarabawa. Ai kamata ya yi a juya abun.

Sauran dalilan ka san su ba sai na daɗe a kai ba. Talauci, don ilimin da ake ce wa kyauta akwai yunifom akwai littafin rubutu akwai kuɗin tara, ga kuma abun da gida zai rasa in yarinya ba ta fita talla ba ko yaro bai bi shanu ba, da damina ta faɗi rabin aji a ƙauye sai ya koma gona. Cire yarinya daga aji huɗu ko biyar a yi mata aure kafin karatun ya zauna. Yunwa, yaron da ya fito bai karya ba ba ya jin komai bayan ƙarfe goma. Akwai ma yaran da matsalarsu ido ne ko kunne, ba sa ganin allo ko ba sa jin malam sosai, sai a yi ta ce musu daƙiƙai har su yarda. Ga tsohon zargin da kakanninmu suka yi wa boko tun zamanin da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, wanda ya ragu sosai amma bai mutu ba. Sannan rashin tsaro ya zo ya ƙara rura wutar, Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a ƙarshen 2020, Kagara da Jangebe da Tegina a 2021, Kuriga a 2024, duk lokacin da aka kwashi ɗalibai sai an rufe makarantu da yawa a yankin, kuma uban da ya cire 'yarsa saboda tsoro ba ka isa ka ce ya yi laifi ba. Kuɗin ma akwai su wani lokacin, dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ilimin tushe, sharaɗin kawai jiha ta kawo nata rabin, amma biliyoyi suna kwance jihohi ba su je sun ɗauka ba.

Akwai wani dalilin da mu 'yan yaƙi da jahilci muka fi kowa sani, wato komawa gidan jiya. Mutum zai yi wata tara a ajinmu ya fito yana karatu, bayan shekara uku ka haɗu da shi ya manta, saboda babu abun karantawa a gidansa ko ɗaya. Mutanen da suka yi gangamin yaƙi da jahilci na shekarun 1950, irin su Malam Ahmadu Coomassie, sun gane wannan, shi ya sa aka kafa hukumar adabi ta Arewa, NORLA, a Zariya tana buga ƙananan littattafai masu araha, ga jaridar Jakadiya don sabbin masu karatu, ga jaridun larduna irin su Zaruma a Sakkwato da Himma a Katsina da Sodangi a Kano, ga kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. Haka da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Kano a 1980, har ta samu lambar yabo daga UNESCO, ba a daɗe ba kasuwar littattafan Hausa ta buɗe, kuma duk abun da za a ce kan waɗannan littattafan, su ne suka riƙe wa dubban matan aure karatunsu bai gudu ba.

Toh yanzu tambayarka ta biyu, me ya rasa tunda akwai saƙon murya.

Ƙanena, ya rasa sirrinsa. Wanda bai iya karatu ba da idon aro yake rayuwa, kuma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Saƙon murya zai kai gaisuwa, zai kai cinikin buhun masara, ban musa ba ya taimaka ƙwarai. Amma banki ba ya turo alat da murya. Takardar asibiti ba ta magana. Takardar gona ba ta magana. Duk abun da ke da nauyi a rayuwar mutum, kuɗinsa, lafiyarsa, filinsa, shari'arsa, a rubuce yake zuwa, kuma zamanin nan ƙara yawan rubutun ya yi ba ragewa ba. Kakanka zai iya rayuwa shekara saba'in bai buƙaci ya karanta komai ba, kai kuwa layin wayarka ma sai da NIN.

Ka tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace aka ce kowa ya koma tiransifa. Wa ya fi shan wuya? Na tsaya a wajen wani mai POS na ga dattijo ya miƙa katinsa ya kuma faɗi lambar sirrinsa da baki a gaban mutane, yaron ya danna masa, ya ce Baba dubu goma ka ce ko, ya ce eh, aka zaro ɗan rasit aka ba shi ya ninke ya sa a aljihu. Ko dubu goma aka cire ko sha biyar, Allah kaɗai ya sani, sai kuma yaron. Mafi yawan masu POS mutanen kirki ne, amma rayuwar da sai ka dogara da kirkin duk wanda ka haɗu da shi rayuwa ce mai haɗari. Ga 'yan damfara masu bugo waya su ce daga banki ne, an turo maka wasu lambobi karanto mana, alhali a cikin saƙon an rubuta ƙarara kar ka ba kowa wannan lambar, shi lambobin kawai yake iya ganewa, gargaɗin bai gan shi ba. Ga alat na bogi da ake nuna wa 'yan kasuwa a tafi da kayansu.

Ta ɓangaren lafiya kuwa abun ya fi tsoratar da ni. Wata ɗalibata a ajin mata ta ba ni labarin abun da ya kawo ta, ɗanta ne ba lafiya aka ba ta magungunan ruwa kala biyu a kemis, ɗaya sau uku a rana ɗaya sau ɗaya, mai kemis ya yi mata bayani da baki, kafin ta isa gida ta rikice wanne ne wanne, ta juya su, kwana biyu tana ba yaron ba daidai ba har sai da jikinsa ya saki aka kwashe shi zuwa asibiti. Allah ya sa ya tashi. Ta ce min Malam a jikin kwalbar fa an rubuta, ina kallon rubutun yana kallona. Tun ranar ta yi alkawarin sai ta koya. Haka ranar lalacewar magani, haka katin rigakafi da ranar da za a koma, haka katin awo. Shi ya sa duk inda aka yi bincike ake samun cewa 'ya'yan matan da suka yi karatu sun fi tsallake shekara biyar na farko. A gona ma haka, maganin feshi da na ciyawa duk da ma'auninsa a jikin galan, murfi nawa a lita nawa, kwana nawa za a jira kafin a ci amfanin, manomi ya ƙiyasta da ido, ko ya ƙona shukar ko ya zuba wa wake maganin da bai kamata ya kusanci abinci ba.

Sai takardu. Na san gidan da aka rasa gona sukutum saboda maigidan ya dangwala yatsa a kan takardar da aka ce masa ta jingina ce, ashe ta sayarwa ce, da aka je gaban alƙali takarda ta yi magana, shaidu kuma su ne waɗanda suka karanta masa ita tun farko. Mata da yawa haka ake yi musu a rabon gado. A zaɓe ma, a 2019 'yan takarar shugaban ƙasa 73 ne a kan takarda ɗaya doguwa, ƙuri'un da suka lalace sun haura miliyan ɗaya, ba duka ne saboda rashin karatu ba amma ka san yana ciki. Aiki kuwa, ko gadi ne yanzu sai an ce ka iya rubuta sunan baƙo a rajista, direban kamfani sai ya karanta takardar kaya, bakanike ma motocin yanzu sai an jona musu kwamfuta ta rubuto inda ciwon yake. Yaron da ya gama sakandare da satar amsa ya riƙe takarda amma ba ya iya cike fom, shi ya fi kowa shiga uku, ya wuce zaman koyon sana'a a ganinsa, aikin ofis kuma ya fi ƙarfinsa, kuma irin waɗannan matasan da zuciyarsu ta cika da haushi su ne masu neman yaran banza ke fara tarawa.

Game da saƙon muryar da ka ambata, shi ma yana da nasa ciwon. Wanda kunne kaɗai ya dogara da shi, abun da aka faɗa masa shi ne iyakar abun da ya sani, ba shi da hanyar komawa ya duba. Ban ce mai karatu ba ya faɗa wa jita-jita ba, lokacin Ebola a 2014 masu digiri ma sun yi wanka da ruwan gishiri, amma shi in ya so zai iya bincikawa, ɗayan kuwa ko ya so ba hali.

Akwai kuma abun da ba ya shiga lissafi, kunya. In ka ga babban mutum an miƙo masa takarda ya ce na manto tabarau a gida, ko ya ce idona na ɗan ciwo karanta min, sau da yawa ba tabarau ba ne. Akwai wani magidanci mai shago babba a kasuwa, yaransa sun kai goma, ya zo ya same ni a ɓoye ya ce zai koya amma ba a aji ba, kar yaran shagonsa su ji. Bayan sallar isha'i yake zuwa zaurena. Shekara talatin yana kasuwanci lissafi duk a ka, amma littafin bashi a hannun yaronsa yake, wasiƙar da ɗansa ke turowa daga makaranta ma sai yaron shago ya karanta masa, har abun da bai kamata bare ya ji ba.

Tunda ka ce akwai firamare a ƙauyenku, ga abun da nake so ka yi, kuma yau ba gobe ba. Kira ƙannenka da 'ya'yan yayyenka da ke aji uku zuwa shida, ɗaya bayan ɗaya ba a taro ba, kuma ba da bulala a hannu ba. Kar ka ba su littafin makaranta don sun haddace shi. Rubuta sabuwar jimla da hannunka, kamar "Inna ta aiki Bala kasuwa ya sayo manja da gishiri", ka ce ya karanta, sannan ka tambaye shi wa aka aika, me zai sayo. In ya kasa, sauko zuwa kalma ɗaya, in ya kasa sauko zuwa gaɓa, in ya kasa sauko zuwa harafi, inda ya tsaya nan ne ajinsa na gaskiya ko da kuwa yunifom ɗin 'yan aji shida ne a jikinsa. Daga nan za ka fara, rabin awa kullum, da Hausa, wasula biyar tukuna sannan baƙi ɗaya-ɗaya kana haɗa shi da su, ka haɗa waɗanda matakinsu ɗaya wuri guda ba tare da duba shekaru ba. Wannan dabarar ta rarraba yara bisa inda suka tsaya ƙungiyar Pratham ce ta yaɗa ta daga Indiya, an gwada ta a Borno da wasu jihohin, kuma akwai littattafan Mu Karanta da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato da na shirin RANA a Katsina da Zamfara, in ka tambayi hedimasta ko ofishin ilimi na ƙaramar hukuma mai yiwuwa ka samu kwafi a kabad. In ba ka samu ba, gawayi da bango sun isa a fara. Ka kuma lura da wanda yake matse ido ko yake karkato kunne ɗaya, wannan asibiti yake buƙata kafin allo.

Manyan gidan ma kar ka bar su, musamman iyaye mata, gemu ba ya hana ilimi, kawai dai babba ba a fara masa da waƙar yara, fara masa da abun da ya dame shi, sunansa, lambar wayarsa, yadda ake gane alat na gaske, sunan maganin da yake sha. Shi wancan mai shagon da sunansa muka fara, sai sunayen masu bashinsa. Wata na biyar ya zo min da littafin bashin a cikin babbar riga, ya buɗe a kan tabarma yana bi da yatsa a hankali yana karantawa, ya kai wani shafi ya tsaya ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce Malam, wannan mutumin ai ya biya tun kafin azumi, ga shi ba a goge ba.